Hoton Masani (zanen Sebastiano del Piombo)

Hoton Masani zane ne na fentin mai da Sebastiano del Piombo, ɗan asalin birnin Venice, ya yi a Roma wajen shekarar 1520. A yau yana gidan adana zane-zane na National Gallery of Art da ke Washington, a Amurka. Ba a rubuta sunan mutumin da aka zana ba.

Alamomi da yanayi

Mutumin yana tsaye cikin baƙar riga mai faɗi da baƙar hula. A gefensa akwai teburi ɗauke da littattafai, tawada da alƙalami, kamfas, da ƙwallon taswirar duniya. Masu zanen Italiya na lokacin sukan bayyana sana'ar mutum ta kayan da ke kusa da shi. Littattafai da alƙalami suna nuni da karatu da rubutu, kamfas da taswira kuma da ilimin ƙasa da tafiye-tafiye. Duhu ne ya mamaye zanen, haske ya sauka a fuska da hannuwa, abin da ke jawo hankali zuwa ga natsuwar mutumin da zurfin tunaninsa.

Alaƙa da ƙasar Hausa

A 1999 manazarci Bajamushe Dietrich Rauchenberger ya kawo ra'ayin cewa mutumin shi ne Hasan al-Wazzan, wanda aka fi sani da Leo Africanus. An haife shi a Granada, ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518, Paparoma Leo na 10 ya yi masa baftisma a Roma a 1520. Littafinsa kan Afirka, wanda aka buga a Venice a 1550, ya ambaci Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir, ya kuma yi maganar audugar Kano da 'yan kasuwarta.

Muhawara

Wuri da lokaci sun dace da wannan ra'ayi, amma kayan teburin nau'in ilimi kawai suke nunawa, ba sa tantance mutum. Wasu sun danganta zanen da mawaƙi Marcantonio Flaminio. Gidan adanar bai sa masa sunan kowa ba, duk da haka shafukan intanet da dama na amfani da shi a matsayin fuskar al-Wazzan.