Kyamarar da ta ɓata a Dutsen Everest

Ranar 8 ga Yuni, 1924, Noel Odell ya hango George Mallory da Andrew Irvine suna hawa can sama a Dutsen Everest, sai gajimare ya lulluɓe su. Ba su dawo ba. Idan har sun taka ƙololuwar kafin ajalinsu, to sun riga Edmund Hillary da Tenzing Norgay da shekara 29.

Abin da zai raba gardama shi ne ƙaramar kyamarar Kodak da ake kyautata zaton suna ɗauke da ita, domin tsananin sanyi kan adana fim tsawon shekaru. An tsinci gawar Mallory a 1999, babu kyamara a jikinsa. A 2024 aka gano takalmin Irvine, da sunansa ɗinke a jikin safa. Kyamarar kuwa har yau ba a gan ta ba.