Sharuɗɗan Da'awa da Shirun Yaro: Tarihin Neman Haƙƙin Fyaɗe a Kotunan Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa, wuri ne na fatake da dillalai, amma kuma wuri ne na yara. Binciken da Enid Schildkrout ta yi cikin birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa sana'ar matan kulle a kan kawunan 'yan talla take tafiya. Yarinyar da ke ratsa lunguna da rumfuna ita kaɗai kuwa tana cikin haɗarin faɗawa hannun mugu. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba sharuɗɗan da kotunan birnin suka gindaya wa mai neman haƙƙin irin wannan yarinya, mu kuma nuna cewa an gina su ne bisa halin baligi mai iya magana nan take.

2.0 Zamanin Alƙalai

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun bar shari'ar talakawa a hannun alƙalai da majalisar Sarki, kuma a zamanin En'e har da Alƙalin Kasuwa cikin alƙalan birni. Madogarar alƙalan ita ce mazhabar Malikiyya, musamman Risala da Muhtasar Halilu da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim, wanda ya rasu a 1426.

A wannan mazhaba, wanda ya yi wa mace 'ya fyaɗe wajibi ne ya biya ta sadakin da ake bai wa ire-irenta, ban da haddin da ke kansa, ita kuwa babu laifi a kanta. Wannan shi ne haƙƙin dukiya, watau abin da a yau ake kira ƙarar neman diyya. Hujjarsa ta fi ta haddi sauƙi: haddi yana bukatar shaidu 4 ko iƙirari, amma sadaki yana tabbata idan shaidu 2 suka ga ya ɗauke ta da ƙarfi ya ɓuya da ita, sa'an nan ta yi rantsuwa. Da yake yarinya ba ta tsaya wa kanta a gaban alƙali, waliyyinta ne mai da'awa.

Sai dai da'awa tana da sharuɗɗa biyu: ta zama tabbatacciya, ba zato ba, ta kuma zama bayyananniya. Inda babu shaidu, malamai suna duba alama, kamar ta zo tana neman agaji a lokacin da abin ya auku, ko tana jini, ko tana riƙe da mutumin. Suna kuma duba halin wanda ake tuhuma. Idan mutum ne da aka sani da kirki, aka kuma ambace shi ba tare da wata alama ba, mai magana na iya fuskantar haddin ƙazafi. Ga alama a nan ne gizo ke saƙa, domin yaro bai cika yin kururuwa ba, musamman idan mai cutar da shi sananne ne a gida ko a kasuwa. Har ila yau, haƙƙin sadaki bai shafi yaro namiji ba.

3.0 Daga 1960 Zuwa Yau

A 1960 aka fara aiki da dokar Final Kod a Jihar Arewa. Sashe na 282 ya ce saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba fyaɗe ne ko da ta yarda, sashe na 78 kuma ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya diyya. Wannan ci gaba ne, amma ya rataya diyyar a kan samun mutum da laifi, lamarin da ke hannun 'yan sanda da masu gabatar da ƙara. A 1968 kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka zama kotunan yanki, a 2000 kuma Jihar Kano ta dawo da hukuncin laifuffuka na Shari'a. Dokar haƙƙin yara ta Tarayya ta fito a 2003, ita kuwa Kano sai a 2023 ta sami tata dokar kare yara. Duk da waɗannan canje-canje, wadda ta girma kafin ta iya faɗin abin da aka yi mata tana fuskantar tsohuwar tambaya: me ya hana ki magana tun a lokacin?

Waɗansu ƙasashe sun amsa wannan tambaya da doka. A 2017 Sikotilan ta cire wa'adin shekara 3 daga ƙarar wanda aka cutar yana yaro, a 2019 kuma Jihar Niyok ta Amurka ta ba shi damar shigar da ƙara har ya kai shekara 55.

4.0 Kammalawa

Mu a ganinmu ba sai an je aro ba, domin ƙa'idar tana nan cikin fiƙihunmu. A babin hauzi, wanda ya ga baƙo yana mallakar filinsa shekara 10, ya yi shiru ba da wani uzuri ba, ba a sauraron da'awarsa; amma idan mai filin yaro ne, ba a lissafa shekarun yarintarsa, domin shirun yaro ba yarda ba ne. Idan shari'a ta yi wa maraya uzuri a kan gona, lalle 'yar talla ta fi cancantar uzuri a kan jikinta. Saboda haka muna ba malamai da masu tsara dokokin kotu shawara biyu: kada jinkirin da yarinta ta jawo ya zama hujja a kan mai da'awa, kuma a buɗe hanyar gabatar da irin wannan ƙara a asirce gaban alƙali, yadda tsoron ƙazafi ba zai rufe bakin wanda aka zalunta ba, mutuncin wanda ake tuhuma kuma ba zai zube kafin bincike ba. Allah shi ne mafi sani.