Majalisar Da Ba A Magana Da Baki

'Yar'uwa mai karatu, kin taɓa tambayar kanki dalilin da ya sa muke ce wa ofishin wasiƙu "gidan waya"? Ni dai sai da na girma na gane. Kakana ya yi aikin buga wayar tangaraho a zamanin Turawa, kuma ko da tsufa ya kama shi, in yana zaune sai ki ga yana ƙwanƙwasa cokali a bakin faranti: gajere, dogo, gajere. Mu yara mu yi ta dariya, wai tsoho ya fara ruɗewa. Ashe magana yake yi, mu ne ba ma ji.

Wannan magana ta ƙwanƙwasa sunanta Mos, sunan wani Ba'amurke, Samuel Mos, wanda shi da abokin aikinsa Alfred Bel suka tsara ta. Kowane harafi da nasa bugu. Harafin E gajere ɗaya ne tak, harafin A gajere da dogo. A shekarar 1844 aka aika saƙo da ita ta igiyar waya daga Washinton zuwa Baltimo, tafiyar kamar mil 40. Daga baya rediyo ya zo, aka daina dogara da igiya, saƙo ya koma bin iska. Da jirgin ruwan Titanic ya nutse a 1912, da wannan bugun aka nemi agaji, har wani jirgi ya zo ya ceci mutum wajen 700.

To, ba gwamnati da 'yan jirgi kaɗai suka rungumi abin ba. Akwai mutane masu sha'awa, waɗanda suke haɗa na'urarsu a ɗaka, ba don kuɗi ba. Matsalarsu ita ce na'urar ba ta kai wa nesa. A 1914 wani mai suna Hiram Maksim na garin Hatfod ya so ya aika saƙo wani gari da ke kusa, ya kasa, sai da wani da ke tsakani ya karɓa ya miƙa. Daga nan ya kafa ƙungiyar ARRL, wadda tushenta ke nan: wannan ya ba wancan, wancan ya ba na gaba, har saƙo ya isa. A 1949 ƙungiyar ta tsara abin sosai, aka yi majalisun yanki, da na jiha, da na ƙasa.

Su suna ce wa wannan majalisa "net", wato raga, amma ni da na karanta yadda take gudana sai na tuna da adashi. Akwai rana, akwai lokaci, akwai wurin da kowa zai murɗa rediyonsa ya tsaya. Akwai kuma shugaba, kamar dai uwar adashi, ba wanda zai buga sai da izininta. Ta buga QNI, ma'ana kowa ya shigo ya faɗi lambarsa. Mai saƙo ya buga QTC ya faɗi inda za shi, wanda ba shi da komai ya ce QRU. Sai ta haɗa mai saƙo da mai karɓa, ta tura su gefe su gama su dawo. Ba mai tashi sai an sallame shi da QNX. Kin ga ba katsalandan, ba hayaniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙidaya. A kan kowane saƙo ana rubuta yawan kalmominsa, galibi ba sa wuce 25. In an ce 12 ne, kika ƙirga kika samu 11, ba ki da ikon cikewa da ka, sai ki nemi a maimaita. Dalili kuwa, wani saƙon rai ne. Lokacin girgizar ƙasar Alaska a 1964, da wayoyi suka katse, masu rediyon sha'awa ne suka riƙa kai wa iyalai labarin 'yan'uwansu. Ki duba halin uwar da ke jiran kalma ɗaya: "lafiya".

Kada ki ce aikin maza ne. Tun 1846 wata mata, Sara Bagili, take buga tangaraho a garin Lowel. A 1939 Etel Simit ta kafa ƙungiyar mata zalla, YLRL. A wurinsu duk macen da ke buga rediyo YL ce, wato 'yar budurwa, ko da kuwa tana da jikoki. Kowa yana sallama da 73, su kuma mata a tsakaninsu suna da tasu, 33.

Yau zamani ya juya. A 1999 jiragen ruwa suka bar Mos suka koma tauraron ɗan'adam, a 2007 kuma Amurka ta daina jarraba shi kafin ba da lasisi. Duk da haka majalisun ba su mutu ba, har yanzu akwai masu zama su buga.

Mu fa? Saƙo nawa aka ba mu da kalma goma, kafin ya isa gidan suna ya zama talatin? Aure nawa wannan ƙarin gishiri ya kashe? Ni dai na ɗauki darasi: in ban ji da kyau ba in sake tambaya, in na ji in kai yadda aka ba ni.

Af, na kusa mantawa. Bugun nan na kakana, gajere, dogo, gajere, harafin R ne. Ma'anarsa a wurinsu: na karɓa, ya iso daidai. Allah ya jiƙan tsoho.