Yadda Kwaɗo Ya Bar Ƙofa Ya Koma Jikin Faifai

Manomin Rijiyar Zaki da ya dangwala yatsa ya karɓi lambar NIN ko BVN yana da wani rumbu da bai taɓa gani ba. Sunansa da hotonsa na kwance a faifan wata babbar kwamfuta da ake kira saba. An daɗe tsaron irin wannan faifai bai wuce kalmar sirri ba, wato kwaɗo a ƙofa. Shi kuwa ɓarawo ba dole ne ya bi ta ƙofa ba. Sai ya kwance faifan, ya jona a wata kwamfutar, ya karance komai.

A 2003 ɗaliban jami'ar MIT biyu, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka bayyana abin da suka tarar a tsofaffin faifai 158 da suka saya: lambobin katin banki sama da 5,000. Duk wanda ya ga yadda kwamfutocin gwanjo ke sauka a Titin Beirut na Kano ya san zancen bai yi mana nisa ba.

Dabarar da aka koma wa ita ce a rikita rubutun kansa, ta yadda ba mai karantawa sai mai mabuɗi. A 2001 Amurka ta amince da tsarin AES, aikin Joan Daemen da Vincent Rijmen, 'yan Beljiyam. A 2004 manhajar rikita faifai ta dm-crypt ta shiga Linux, sannan Clemens Fruhwirth ya kawo LUKS, mai gurbin mabuɗi takwas a lokacin, don in ma'aikaci ya bar aiki a soke nasa kaɗai. Microsoft ma ta fito da tata manhajar, BitLocker, tare da Windows Vista. Amma sai da aka sace kwamfuta ɗauke da bayanan tsofaffin sojojin Amurka miliyan 26.5 a 2006 hukumomin can suka farga.

Saba tana da tata matsalar. In an ɗauke wuta cikin dare, na'ura ta sake tashi, wa zai shigar da mabuɗi? Shi ya sa ake ajiye shi a ɗan guntun TPM da ke jikin na'urar, ko a wata sabar daban. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta Yunin 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, ta kuma ambaci rikita rubutu cikin hanyoyin yin hakan.