Burkutu: Giyar Dawa, Maguzawan Rano Da Kibiya, Da Dokar Kano

Burkutu giya ce da ake dafawa da dawa, wani lokaci a haɗa da gero. Tana cikin giyar gargajiya mafi yaɗuwa a arewacin Najeriya. A ƙasar Kano sunanta ya fi tafiya da na Maguzawa, wato Hausawan da suka zauna kan addinin gargajiya, waɗanda gidajensu ke warwatse a karkarar Rano, Kibiya, Tudun Wada da Sumaila.

Aikin mata ne, kuma yana cin kwanaki. Ana jiƙa dawa, a tsame ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. Tsiron nan shi ne ginshiƙin aikin, domin shi ke juya sitacin hatsi ya koma zaƙi. Daga nan a dama garin da ruwa, a dafa a manyan tukwane ko ganguna, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa. Idan ya huce sai a zuba ragowar tsohuwar giya ta tayar da shi. Abin da ke fitowa ruwa ne mai kauri da tsami, jajaja, wanda ake sha a ƙwarya. Ƙarfinta yakan tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, kuma ba ta ajiyuwa: kwana kaɗan ta lalace. Saboda haka kasuwarta ba ta nisa da murhun da aka dafa ta.

Nan ne ta rabu da barasa irin su ogogoro na kudu, goskolo na Jos ko wiski na Turai. Su ana tafasa ruwan da ya riga ya zama giya ne, a tare tururinsa ya koma ruwa, ƙarfin ya kai kashi 40 ko fiye. A bakin mutane da yawa duk giya ce. A wajen likita bambancin babba ne, domin mutanen da suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas a 2015, ogogoro mai gubar metanol suka sha.

A rayuwar Maguzawa giya ba ta tsaya ga nishaɗi ba. Da ita ake sallamar waɗanda suka zo gayya, tana cikin hidimar aure da ta mutuwa, ana kuma zuba wa iskoki. Masanin nan ɗan Amurka Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan Kano ya kuma wallafa littafinsa a 1946, ya bayyana tsarin bautarsu dalla-dalla. A zamanin Daular Usmaniyya an ɗauke su a matsayin ’yan amana masu biyan jiziya, kuma fiƙihun Malikiyya bai hana ɗan amana giyarsa ba muddin bai bayyana ta cikin Musulmi ba. Tun daga lokacin abubuwa sun sauya. Da yawansu sun musulunta, wasu sun shiga coci irin ECWA, wadda ita ma ba ta maraba da shaye-shaye, har aka wayi gari burkutu na shan suka daga liman da fasto baki ɗaya.

Hani kan giya a Arewa ya girmi Hisbah. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da barasa wasu yankunan Afirka, kuma gwamnatin Lugard ta mayar da Arewa yankin da aka hana sayar wa ’yan ƙasa barasar Turai. Dokar da ke aiki a yau ta faro ne da ƙaddamar da Shari’a a Kano a 2000, inda haddin Musulmin da ya sha giya yake bulala 80. An kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003. A 2004 Majalisar Dokokin jihar ta yi wa Penal Code gyara, ta haramta yin giya da sayar da ita da shanta a faɗin jihar. Muhimmancin wannan gyara shi ne Penal Code ta shafi kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Masu suka na kafa hujja da sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki, mai kare ’yancin addini; masu goyon baya na cewa giya na cikin abubuwan da jiha ke da hurumin yi wa doka.

Abin da jama’a ke gani shi ne kwalabe. A Nuwamban 2013 an murƙushe kimanin 240,000 a Kano, a Nuwamban 2020 kusan miliyan 2, a Fabrairun 2022 fiye da miliyan 3.8. Kowane karo muhawara ɗaya ce ke tashi: me ya sa jihar da ke fasa giya take karɓar kasonta na harajin VAT, wanda kamfanonin giya ke cikin masu biya? Batun ya ƙara zafi a Agustan 2021, lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ba Jihar Ribas gaskiya kan karɓar VAT da kanta. Tambaya ce mai nauyi, amma ta kamfanoni ce da gwamnoni. Mai dafa burkutu a ƙauye ba ta da lauya ko ƙungiya, kayanta ba su da lambar NAFDAC, kuma doka ta sa ta layi ɗaya da dillalin da ke shigo da tirela.

Tarihin Ailan na nuna yadda doka kan sauya abin sha maimakon ta kashe shi. Da aka ɗora haraji kan tsiron sha’ir a 1785, masu yin wiski suka riƙa gauraya shi da ɗanyen sha’ir don rage kuɗin. Daga wannan dabara aka samu wiskin tukunyar tagulla da ƙasar ke tinƙaho da shi, wanda ƙa’idarsa a yau ta ce kowane ɗaya daga cikin nau’in biyu ya kai aƙalla kashi 30, a kuma ajiye shi shekara 3 a gangar katako. Barasarsu ta ƙauye, poitín, ta zauna a haramce daga 1661 har 1997. A Najeriya kuwa, abin da ya mamaye tashoshin mota shi ne barasar leda mai araha, wadda ta ninka burkutu ƙarfi sau da yawa, wadda NAFDAC ta sanar da fara hana ta a farkon 2024, kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka fito zanga-zanga.