Tasirin Furotin a Ginuwar Ɓawon Dodon Koɗi, Kawa da Wuri

Tsakure

Maƙalar ta duba sinadaran ɓawon halittun da ake kira molaska, wato dangin dodon koɗi da kawa da wuri, da yadda ɓawon ke ginuwa. Ta kafa hujja cewa furotin da ƴan uwansa, waɗanda ba su wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin ɓawo ba, su ke yanke siffarsa da ƙarfinsa.

Gabatarwa

Burbushin da aka tono ya nuna akwai molaska masu ɓawo tun farkon zamanin Kambiriya, fiye da shekaru miliyan 500 da suka wuce. Kashi 95 zuwa 99 cikin 100 na ɓawon kalsiyam kabonet ne, sinadarin da ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi. Shi kaɗai abu ne mai gautsi. To me ya sa katantanwa ke jure bugun da ya isa ya farfasa ma'adinin?

Yadda ɓawo ke ginuwa

Aikin na wata siririyar fata ne da ke lulluɓe jikin halittar, wadda za mu kira mayafi. Bakin mayafin ne ke fara fitar da shimfiɗar waje, feriyostirakum, ta furotin mai tauri. Ita ce ke killace ɗan sararin da ake ginin, ta kuma kare ɓawo daga cin ruwa. A wannan sarari mayafi ke tara kalsiyam daga abinci da ruwa, wani inzayim mai suna kabonik anhaidires kuma yana gaggauta mayar da iskar kabon dayoksaid ta zama baikabonet, wanda ke haɗuwa da kalsiyam ya ba da kalsiyam kabonet.

Kalsiyam kabonet kan daskare a siffa biyu, kalsait ko aragonait, kuma ɓawo ɗaya na iya ɗauke da duka biyun. A 1996 Falini da abokan aikinsa suka nuna cewa furotin da aka tatso daga shimfiɗar aragonait aragonait yake haifarwa a ɗakin gwaji, na shimfiɗar kalsait kuma kalsait. Ke nan zaɓin yana hannun halittar.

Shimfiɗar ciki mai sheƙi

A nan hujjar ta fi fitowa fili. Shimfiɗar cikin kawa mai lu'ulu'u faya-fayan aragonait ne, kaurin kowanne kusan rabin maikiron, an jera su kamar tubali, furotin da wani sinadari mai suna kaitin suna tsakani a matsayin laka. Idan tsaga ta taso, ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya. Sai ta yi ta kewaye faya-fayan har ƙarfinta ya ƙare. Gwajin Jackson da Vincent da Turner na 1988 ya kiyasta cewa ƙarfin da ake buƙata a karya wannan shimfiɗa ya ninka na tsurar aragonait har kusan sau 3,000. Adadin na sauyawa da hanyar awo da damshin samfuri, don haka bai kamata a riƙe shi kamar doka ba, amma tazarar tana da girma ko ta wace hanya aka auna.

Wuri, wanda aka yi ta kawowa daga tsibiran Maldibs har ya zama kuɗi a kasuwar Kano, tsarinsa daban ne: zarurrukan aragonait ne da suka gitta juna. Sheƙin bayansa kuwa ya samu ne saboda mayafinsa kan fito ya rufe ɓawon ta waje yana ƙara masa shimfiɗa. Binciken ƙwayoyin gado ma ya nuna furotin ɗin shimfiɗa mai sheƙi a kawa mai lu'ulu'u ya sha bamban da na abalon, wani dodon koɗin teku, alamar kowane dangi ya kai ga wannan gini ta hanyarsa.

Kammalawa

Ikon halittar na da iyaka. Aragonait ya fi kalsait saurin narkewa, kuma ma'aunin pH na saman teku ya sauko daga kusan 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu, wato ruwan ya ƙara tsami. Mutuwar ƴaƴan kawa a wuraren ƙyanƙyasa na jihar Oregon ta Amurka wajen 2007 da 2008 an danganta ta da ruwa mai tsami. Muna kira ga sassan nazarin halittu na jami'o'inmu su yi irin waɗannan gwaje-gwaje a kan Etheria elliptica, kawar da ke kogunan Neja da Binuwai.