Kano da tarihin yaƙin sama a Nijeriya

Filin jirgin saman Kano ya taka rawa a manyan yaƙe-yaƙe biyu, tun kafin a raɗa masa sunan Malam Aminu Kano.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta riƙa haɗa jiragen yaƙi irin su Hurricane a Takoradi da ke Ghana ta yanzu. Daga watan Satumban 1940, jiragen kan yada zango a Kano da Maiduguri, su bi ta Khartoum zuwa Masar, inda ake gwabzawa da dakarun Italiya da Jamus. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya.

Yaƙin basasa

An kafa rundunar sojin saman Nijeriya a 1964, amma yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967 ba ta da jiragen yaƙi na zamani. A watan Agustan shekarar, Tarayyar Sobiyat ta sauke mata jirage samfurin MiG-17 a Kano. Saboda ƙarancin ƙwararrun 'yan ƙasa, matuƙa daga Masar ne suka fara sarrafa su.

A watan Mayun 1969, wani ɗan ƙasar Sweden, Carl Gustaf von Rosen, ya jagoranci ƙananan jiragen Biyafara suka lalata jiragen gwamnati a ƙasa, a Fatakwal da Benin da Enugu. A watan Oktoba kuma, babban hafsan sojin sama, Kanar Shittu Alao, ya rasu a hatsarin jirgin L-29 da yake tuƙawa.

Asarar matuƙa

Jirgi idan ya faɗi ana iya sayen wani, amma horar da matuƙin yaƙi kan ci shekaru. Makarantar rundunar da ke Kano ta daɗe tana wannan aiki da jiragen L-39.

A watan Satumban 2014, jirgin Alpha Jet ya ɓace bayan ya tashi daga Yola, daga baya Boko Haram ta yi iƙirarin kashe matuƙinsa, Chimda Hedima. A watan Yulin 2021, 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a yankin Zamfara. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ya taka da ƙafa cikin dare har ya isa wani sansanin soja.